Yashin da Inna Ta Wanke

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur aka kawo mini kwalbar. Wani magidanci ɗan garinmu da ke karatu a nan ne ya dawo daga hutu, ya kira ni ya ce in same shi a KL Sentral, babbar tashar jirgin ƙasa, in karɓi saƙona, don shi ba zai hau jirgi har unguwarmu Bukit Jalil ba saboda kwalbar man shafawa. Na ɗauka zolaya ce. Da na je sai na tarar kwalbar man shafawar ce da gaske, an naɗe ta cikin leda uku, an ɗaure da tsumman wani zani da na sani. Ina karɓa hannuna ya yi ƙasa. Ƙarama ce, amma nauyinta kamar an cika ta da dalma.

"Malama," in ji shi, "don Allah wani karon a aiko miki da yaji da daddawa kamar kowa. Abin nan ya kusa sa a tsare ni a filin jirgi."

Na san abin da ke ciki tun kafin in kwance, domin Yaya ya yi sati biyu yana cika mini waya da saƙon murya. Mu mutanen wani ƙauye ne a bayan Bukuru, inda duk inda ka juya sai ka ga kududdufin da masu haƙar kuza na zamanin Turawa suka bari. Babanmu ya rasu ina aji uku a sakandare. Bai bar mana komai ba sai gona ɗaya a gefen rafi, inda Inna ke noma dankalin Turawa da masara, da rani kuma ta dasa kabeji a gangaren da ruwa ke kaiwa. Gonar nan ita ce tukunyar gidanmu. A shekarar da nake ba da labari, maƙwabtanmu na gabas suka haƙa loto a tasu gonar, wato rami ne siriri kamar rijiya da ake zura mutum da igiya ya bi jijiyar kuza ta ƙarƙashin ƙasa. Suka dace, har ɗansu ya sayi babur. Tun daga ranar Yaya ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ce jijiya ba ta san iyakar gona ba, lalle ta ratso ta ƙarƙashin tamu. Inna ta ce ba mai taɓa mata gona tana da rai. Suka yi ta ja-in-ja har ta gaji, ta ce to, a aika wa Auta ƙasar gonar ta duba a na'urarsu. In ta ce akwai, a haƙa; in ta ce babu, kowa ya kama bakinsa. Ni ce Autar.

Inna ba baƙuwar kuza ba ce. Kafin ta zauna ga noma, shekara da shekaru ta yi tana wanki a bakin rafi, da shi ta saya mana littattafai da takalman makaranta. Wanda bai sani ba, in ya ga mai wankin kuza, sai ya ce wasa take yi da ruwa. Ta ɗebi ƙasa a ƙwarya, ta tsoma, ta juya, ta karkata, jan ruwa ya tafi da laka, farin yashi ya bi bayansa. Ta sake tsomawa, ta sake juyawa, har abin da ya rage a gindin ƙwaryar ya zama baƙi wuluk mai nauyi, bai fi cikin cokali ba. A cikin baƙin nan kuma idonta na raba kuza da kolambait, wani dutse ne ɗan'uwan tafiyarta da a dā ake zubarwa a bola, daga baya aka gane yana da daraja. Ina da shekara bakwai na taɓa ɗaukar ƙwaryarta na shiga ruwa ina kwaikwayonta. Marin da na sha ranar har yau in na tuna kuncina na zafi. Ta fizge ƙwaryar ta ce hannun nan alƙalami zai riƙe, in ta sake ganinsa a ruwan kuza sai ta karya shi.

To, alƙalamin na riƙe, ya kai ni jami'a, ya kai ni koyarwa, har gwamnati ta ɗauki nauyina zuwa Malesiya in yi digirin digirgir a kimiyyar haɗa sinadarai. Kuma don Allah ya nuna mini ikonsa, aikin da aka ɗora ni a kai shi ne yadda za a ciro ƙarfen da ke cikin kolambait daga tarkacen yashin da tsoffin mahaƙan kuza na Malesiya suka bari. Na tsallaka teku don in guje wa kuza, na tarar da ita tana jirana. Birnin nan ma kansa masu haƙar kuza ne suka kafa shi. Tafkunan da nake hangowa ta tagar jirgi, waɗanda aka kewaye da fitilu da hanyar masu motsa jiki, da yawansu ramukan haƙa ne irin namu. Su sun yi wa nasu kwalliya, namu kuwa shanu suke ci.

A lokacin da kwalbar ta iso ina cikin ƙunci. Wata takwas gwaje-gwajena ba sa haihuwar komai. Malamin da ke duba aikina, mutum ne mai sanyin hali, ya ce in huta da ɗakin gwaji in je in rubuta babi na farko, wato tarihin ƙarfen. A nan, cikin littattafai, na haɗu da wani Bature.

Ɗan Ingila ne, ya rayu sama da shekara ɗari biyu da suka wuce. Ubansa attajiri ne mai ƙera keken doki na manyan mutane, har an taɓa tura ɗan ya raka wani keke zuwa fadar sarauniyar Rasha. Bai yi karatun sinadarai a jami'a ba, da kansa ya koya, yana ƙone-ƙone da narke-narke a ɗakin da ya gina wa kansa. Wata rana yana duba duwatsun da aka ajiye a wani gidan adana kayan tarihi a Landan, sai ya ci karo da wani baƙin dutse mai nauyi da aka kawo daga Amurka tun kafin a haife shi, yana kwance ba wanda ya kula da shi. Ya roƙa aka ba shi ɗan gutsure. Ya niƙa, ya narka, ya jiƙa da asid, ya tace, har ya tabbata akwai wani ƙarfe a ciki da ba wanda ya taɓa sani. Ya raɗa masa suna, kuma daga sunan nan ne kalmar kolambait ta fito, wadda Inna ke furtawa a bakin rafi ba tare da ta san an taɓa yin mai ita ba. Bayan 'yan shekaru wani masanin da ya fi shi suna ya ce ai ba sabon ƙarfe ba ne, wani ne da aka riga aka sani. Aka yarda da babban. Shi kuwa ɗan mai keken, da ubansa ya rasu, ya ajiye kwalabensa ya koma kan dukiyar gida. Sai bayan ya mutu aka tabbatar da cewa shi ne mai gaskiya.

Ba zan ɓoye ba, da farko haushinsa na ji. Ni mace ce mai saurin yanke hukunci, kowa a gidanmu ya san haka. Na ce wannan ɗan gata ne kawai, ya ɗauki ilimi abin wasa, da aka taɓa shi kaɗan ya yi zuciya ya koma wa kekunan ubansa. Ni da na bar uwa tsohuwa na zo ina cin shinkafa safe da rana a wani ɗaki a hawa na goma sha tara, wa zai ba ni gidan da zan koma in na yi zuciya? Na rubuta shafi uku a kansa cikin ladabin da ake so a kundin digiri, amma a raina na gama raina shi.

Ranar Litinin na kai kwalbar ɗakin gwaji. Mai kula da na'urorinmu wata dattijuwa ce 'yar asalin Sin, haifaffiyar Malesiya, kowa Anti yake ce mata, har malamai. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, kuma ba ta yarda a taɓa mata na'ura sai an cike takarda. A takardar akwai gurbin da za ka rubuta inda aka ɗebo abin da za a auna, da yawan ƙasar da aka ɗebo, da abin da aka yi mata kafin ta iso. Na rubuta "nawa ne na kaina" a sama, sauran guraben na bar su fari. Sauri nake yi.

Anti ta buɗe kwalbar, ta zuba kaɗan a tafin hannunta, ta karkata shi wajen hasken taga. Na ga fuskarta ta canza.

"Wa ya wanke wannan?" ta tambaye ni. "Hannun nan ya iya aiki, lah." Mutanen nan ba sa rufe magana sai da wannan "lah".

"Uwata ce," na ce, kaina na fasuwa.

Ta ce ita ma tata uwar wanki ta yi a arewacin ƙasar, da dulang, wani faffaɗan akushi na katako da matan nan ke amfani da shi a madadin ƙwarya. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai na kalli agogo, ita kuma ta fasa, ta karɓi takardar. Na ji tambayarta, na ma amsa ta da bakina, amma ban tsaya na saurare ta ba.

Sakamakon ya fito ranar Laraba. Fiye da rabin abin da ke cikin kwalbar kolambait ne, sauran kuma galibi kuza. A shekara biyun da na yi ina fama da tarkacen Malesiya ban taɓa ganin abu mai tsabta haka ba. Na tsaya gaban allon na'urar hawaye na zubo mini. Wata takwas ban ga sakamako mai kyau ba, yau ga shi, kuma daga gonar ubana.

Dole in faɗi abin da ke raina a ranar, don shi ne asalin ɓarnar. Tun da na tashi ni ce wadda ake kashe wa, ban taɓa zama wadda ta kawo ba. Yaya ya bar makaranta ya kama noma don in ci gaba da tawa. In na kira gida ana tambayata yaushe zan gama, sai in yi ta kame-kame. Ranar nan kuwa ina da abin faɗa. Na san sarai ƙasar gonarmu ja ce, na taka ta da ƙafata shekara ashirin, kuma abin da ke cikin kwalbar baƙi ne. Ɗalibin aji ɗaya ma ya san ba a auna abin da aka tace a ce shi ne ƙasa. Amma ni a kwalba na saba karɓar komai, an niƙa an tankaɗe, ban taɓa tambayar kwalba daga ina ta fito ba. Kuma gaskiyar ita ce ban so in tambaya ba.

Na fita na zauna a shagon mamak da ke ƙasan gininmu, irin shagunan abincin Indiyawa Musulmi, na sa aka kawo mini shayi mai kumfa. Ƙarfe uku na rana ne a nan, a gida kuma takwas na safe. Hadari ya haɗu kamar yadda yake yi kusan kullum a wannan lokacin. Na kira Yaya.

"Yaya, akwai."

"Akwai kamar yaya, Auta? Kaɗan ko da yawa?"

"Fiye da rabin abin da kuka aiko."

Na ji ya yi kabbara. "Wato dai gonar na da shi?"

"Sosai ma," na ce.

Ya miƙa wa Inna wayar. Na ji numfashinta kafin muryarta.

"Auta, kin tabbata?"

"Inna, na'urar nan ba ta ƙarya."

Sannan ta ce, "To. Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, na sa aka yi mini tapau, wato aka ƙunsa mini gurasarsu ta roti guda biyu, na hau sama ina jin kaina kamar wadda ta sauke farali.

Ana cire dankali Yaya ya kawo masu haƙa. Da farko hotuna yake turo mini kullum: ramin farko da sandunan da aka gitta a bakinsa, igiya, samari tsirara daga ƙugu zuwa sama sun yi jajir da laka suna dariya. Ina nuna wa 'yan ɗakinmu, suna ce mini 'yar mai ma'adinai. Ramin farko ya ci karo da dutse. Na biyu ruwa ya cika shi, aka ɗauko injin zuƙa, aka janye ruwan da kabejin Inna ke sha. Na uku ya ba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Yaya ya ce masu haƙan ne ragwaye, ya sallame su ya kawo wasu. Ya ce jijiyar tana ƙasa, ai Auta ta gani a na'ura. Duk ramin da aka haƙa, jar ƙasar cikinsa kan baƙar ƙasar noma ake zuba ta, ƙasar da Baba ya yi shekaru yana kai mata taki a kan jaki. Wanda ya san noma ya san in jar ƙasar ƙarƙashi ta hau sama, ko ciyawa sai ta yi shawara kafin ta fito.

Saƙonnin Yaya suka fara gajarta. Daga minti biyar suka koma minti ɗaya, daga nan sai "muna nan muna fama" kawai. A rami na biyar aka sare saiwar bishiyar piya da Baba ya dasa shekarar da aka haife ni, ta bushe a tsaye. Ni kuma a nan na daina cin abinci sosai. In na kira Inna ba ta ce mini komai a kan gonar, sai ta tambaye ni ko ina samun tuwo a garin nan, ko ruwan sama bai dame ni ba. Na riƙa gaya wa kaina cewa haƙa sai da haƙuri, kuma na'ura ba ta ƙarya. Tsoro nake ji, amma ban yarda na kira shi da sunansa ba.

Wata rana da azahar ina zaune a ɗan ɗakin shan shayi na sashenmu, na tasa waya a gaba, Anti ta shigo da kwanon abincinta.

"Kin yi makan?" ta ce, wato ko na ci abinci.

Na ce ba na jin yunwa. Ta leƙo wayar, na miƙa mata don in huta da kallon hoton ni kaɗai. Ramuka bakwai ne a lokacin, da tsibin jar ƙasa a gefen kowanne. Ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton, ta daɗe tana kallo.

"Gonar da yashin nan ya fito ke nan?"

"Ita ce."

"Wannan jar ƙasar kika auna?"

"A'a, baƙin da kika gani."

"Na sani, ni na sa shi a na'ura. Ƙasa nawa uwarki ta wanke kafin ta cika kwalbar?"

Ban sani ba. Ta ajiye wayar a hankali. Ta ce uwarta takan yini a ruwa har gwiwa, ta dawo da abin da bai cika gwangwanin madara ba, kuma wanda ya auna gwangwanin nan sai ya rantse duk ƙasar Malesiya kuza ce. Ta ce ranar da na kawo kwalbar ta so ta tambaye ni, amma ta ga 'yar mai wanki ce ni, ta ɗauka na fi ta sani.

Na tashi na fita ba tare da na ɗauki jakata ba. Na hau jirgi ban san inda za ni ba, na sauka a KL Sentral, na tsallaka zuwa Brickfields, unguwar Indiyawa, na yi ta tafiya cikin ƙamshin turare da furannin da ake saƙawa a bakin titi, mutane na bangaje ni ina ba su haƙuri. Ba na'urar ce ta yi ƙarya ba. An tambaye ta abin da ke cikin kwalba ta faɗa. Ni aka tambaya abin da ke cikin gona, na amsa da abin da ban auna ba.

Kwana uku ban kira gida ba. A cikin kwanakin nan, don in sami abin da zan sa idona a kai, na koma kan takardar da Baturen nan ya rubuta da hannunsa game da dutsen, wadda a dā na karanta a tsaitsaye. Wannan karon na bi ta layi-layi, sai kunya ta kama ni. Ya faɗi daga inda aka ce dutsen ya fito. Ya faɗi nauyin ɗan gutsuren da aka ba shi. Ya faɗi abin da ya gwada ya yiwu, ya faɗi wanda ya gwada ya ƙi, har da cewa ya yi iya ƙoƙarinsa ya fitar da ƙarfen tsantsa ya kasa. Bai ɓoye cewa abin da ke hannunsa kaɗan ne ba. Ko sau ɗaya bai ce tudun da dutsen ya fito cike yake da irinsa ba, domin bai taɓa ganin tudun ba. Na kuma gano cewa tun kafin wannan aikin ya yi watanni yana zagaya mahaƙan ƙasarsu, yana duba yadda ake fasa dutse da yadda ake wanke shi, yana rubutawa a littafinsa. Ɗan attajirin da na raina ya je ya tsaya kusa da masu wanki ya kalli hannunsu. Ni 'yar mai wanki ban tambayi uwata komai ba. Har yau ban san dalilin da ya sa ya bar aikin ba, amma na daina cewa zuciya ya yi. A kwanakin nan ni ma na so in tattara kwalabena in ajiye, kuma ni ba zaluntata aka yi ba.

Ranar Juma'a da la'asar na kira. Yaya ne ya ɗauka, yana bakin rami, ina jin ƙarar injin. Na gaya masa komai ba tare da kwana-kwana ba: abin da na auna wankakke ne, bai nuna yawan abin da ke cikin ƙasa ba, kuma bai kamata in ce masa gonar na da shi ba. Na ce a tsayar da haƙan. Na shirya wa zagi, na ma so ya zage ni. Sai ya ce wa wani a kashe injin. Da ƙarar ta ɗauke sai na ji kukan tsuntsayen bakin rafinmu.

"Wato duk karatun nan," ya fara, bai ƙarasa ba. "Ga Inna."

Na gaishe ta, ta amsa kamar kullum, ta tambayi jikina.

"Inna, ƙasa nawa kika wanke kafin kwalbar nan ta cika?"

Ba ta ko yi tunani ba. "Daro talatin da ɗaya. Kwana shida na yi."

Ta ce Yaya ne ya haƙo ƙasar daga wurare daban-daban a gonar ya tara mata a tsakar gida. Mai tafiyar ya ce ba zai ɗauki kaya mai nauyi ba, sai ɗan abin da zai shiga aljihun jaka. Ita kuma ba ta ga yadda za ta aika wa 'yarta laka har ƙasar waje ba, a buɗe a gaban malamanta a ce abin da uwarta ta aiko ke nan. Ba a kai wa mai saye kuza da datti, balle a kai wa masu ilimi. Shi ya sa ta wanke, ta sake wankewa, ta shanya, ta tsince da hannu.

"Daro talatin da ɗaya a kwalba ɗaya, Inna," na ce. "Ai kin san wannan ba ƙasar haƙa ba ce."

"Na sani mana. Wurin da ake haƙa, daro uku ya isa ya cika ta."

"To me ya sa ba ki faɗa ba? Me ya sa da na ce akwai ba ki ce mini ƙarya nake ba?"

Na ɗaga mata murya, Allah Ya yafe mini. Laifina ne, amma na ɗaga mata murya.

"Na tambaye ki ko kin tabbata," in ji ta, a hankali. "Kika ce na'ura ba ta ƙarya. Sai na ce wa raina, ni ƙwarya gare ni, ƙwarya kuwa saman ƙasa take gani. Wataƙila abin nasu yana hango abin da ke can ƙasa. Ni na hana ki ƙwaryar nan, Auta, don ki fi ni gani. In na tashi na ce idona ya fi naki, to marin da na yi miki na mene ne?"

Ita ce ma ta riƙa rarrashina, tana cewa ƙasa ba ta fushi har abada, in aka cike ramukan aka yi ta zuba taki, shekara huɗu ko biyar za ta dawo. Ta ce in ci abinci, in gama abin da ya kai ni. Inna ta haura sittin a lokacin, kuma ni da ita duk mun san abin da shekara biyar ke nufi.

Ranar Litinin na je wurin Anti na roƙe ta ta nemo mini tsohuwar takardar. Ta ciro ta daga fayil ba tare da ta tambaye ni dalili ba. A guraben da na bari fari na rubuta sunan ƙauyenmu, na rubuta daro talatin da ɗaya, an wanke da ƙwarya, kwana shida. Ba abin da rubutun ya gyara, amma na rubuta. Babi na farko ma na sake shi, na cire duk wata jimla da na yi wa Baturen kallon sama a cikinta.

Damina ta sauka a gida ba a shuka komai a gonar ba sai wani ɗan kusurwa da ramukan ba su kai ba. Ramuka huɗu Yaya ya iya cikewa kafin ruwa ya cika sauran. Ya daina turo mini saƙon murya, sai gaisuwar Juma'a. Wata rana da rana, ina cikin ɗakin gwaji da farar riga da safar hannu, wayata ta yi ƙara. Hoto ne daga Yaya, ba rubutu ko ɗaya a ƙarƙashinsa. Inna ce a bakin rafi, ta ɗaure zani a ƙirji, ruwa har ƙwaurinta, ta sunkuya tana wanke tsibin jar ƙasar da aka tono daga gonarta, ko za ta sami abin sayen masara. Na buɗa hoton da yatsu biyu kamar yadda Anti ta yi. Ƙwaryar da ke hannunta sabuwa ce fes, ko duhu ba ta fara yi ba. Tsohuwar ƙwaryar ta daɗe da fashewa, sai da ta je kasuwa ta sayo wata.